Baban Kujera, Mai Aron Maƙogwaro

Kafin a buɗe sashen kunne da hanci da maƙogwaro, shi ya riga ya iso. Zai jingine kekensa a gindin tagar ɗakin koyarwa, ya sa rigar aikin nan da wanki ya cinye launinta, ya kunna tukunyar dafa kayan aiki. Kafin ruwa ya tafasa ya share ɗaki, ya goge kujerar ƙarfe mai juyawa da ke tsakiya, ya jera fitilun goshi a kan tebur yana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan madubai masu dogon mariƙi, waɗanda ake leƙa maƙogwaro da su, sai sun dahu sosai sannan ya kwashe su ya shanya a kan farin ƙyalle. Duk wannan yana yi bakinsa bai huta ba. Ya yi hira da mai shara, ya yi da mai gadi ta taga, in babu kowa ya yi da tukunya. Sista, babbar ma'aikaciyar jinyar sashen, takan ce duk ranar da ta shigo ba ta jiyo muryarsa tun daga baranda ba, to ko dai yana kwance ko an yi rashi a unguwarsu.

Haka ya yi shekara da shekaru, har wannan makon da ya ajiye aiki. A wurin hukumar asibiti shi mai kula da ɗaki ne, iyakarta ke nan. Amma ka tari duk likitan da ya yi karatu a nan ka ce masa Baban Kujera, za ka ga ya yi murmushi tukuna, in ya ji sauran labarin kuma ya sunkuyar da kai. Wannan jinjina ce gare shi, kuma babu amfanin ɓoyewa, ta zo a makare. Muryar da zai ce ya gode da ita ta riga ta tafi.

Ga yadda ya samo sunan. Ɗalibin likita yana iya haddace littafi bango zuwa bango, ya zana maka cikin kunne ido rufe, amma ranar da aka miƙa masa tocilar leƙa kunne sai hannu ya kama rawa. Aikin wannan sashe leƙe ne a rami mai duhu, ba ya zama a kai sai ya bi ta hannu. A da, a jikin juna ɗalibai ke koyo, ko a jikin marasa lafiyan da suka zo neman sauƙi. Wata rana wani ɗalibi ya cusa tocila a kunnen wata tsohuwa da ƙarfin da ya wuce kima, ta fasa ihu, ta ja mayafinta ta fice ko magani ba ta tsaya karɓa ba. Baba yana gefe yana naɗe bandeji. Da ɗaki ya yi tsit sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya je ya zauna a kujerar nan, ya karkata kai, ya ce wa ɗalibin ya zo ya ƙarasa ta'asarsa a nan, shi kunnensa ya saba jin abin da ba ya so. Aka tuntsire da dariya, ɗalibin ya share zufa ya matso. Tun daga ranar kujerar ta zama tasa.

Farfesa, shugaban sashen, wanda a lokacin ko furfura ɗaya ba shi da ita, ya duba shi da kansa ya ce an dace. Ramin kunnensa miƙaƙƙe ne mai faɗi, dodon kunnen yana ƙyalli, hancinsa babu karkata, maƙogwaronsa kuwa ko an taɓo can ciki ba ya yunƙurin amai irin na sauran jama'a. Farfesa ya ce wannan maƙogwaro ne irin na littafi. Maganar ta bi ɗalibai aji bayan aji har ta zama dokar sashen: babu mai taɓa marar lafiya sai ya fara bi ta kan Baba, ya ga yadda lafiyayye yake, don in ya gamu da mai ciwo ya gane bambanci.

Abin da Baba yake da shi wanda littafi ba shi da shi, baki ne. Marar lafiya in ka ji masa ciwo ko ya daure ko ya gudu, Baba kuwa faɗa maka zai yi, a gaban kowa. In ɗalibi ya ja kunnensa ƙasa maimakon sama da baya, sai ya tambaye shi wane laifi ya yi masa. In ɗaliba ta zo da hannu mai sanyi, ya ce 'yata, a firji kika kwana? Wanda ya kama masa kai ya juya ba tare da gaisuwa ba, Baba zai toshe kunne da tafin hannu ya ce shago a rufe yake. A wurinsa suka saba da tsoma madubi a ruwan ɗumi kada numfashi ya lulluɓe shi da hazo, da gwada shi a bayan hannunsu kada su ƙona bawan Allah. Bai taɓa cewa ya san aikin likita ba, in aka tambaye shi sunan wata cuta ma sai ya nuna Farfesa da haɓa. Abin da mai zama a kujera yake ji, shi yake faɗa.

Masu ba da shaida suna da yawa. Wani likita da yanzu mutane ke layi a ƙofarsa ya ce saura kaɗan ya bar karatun gaba ɗaya, don hannunsa rawa yake yi kuma abokansa sun sa shi a gaba da tsiya. Baba ne ya riƙa jiransa lokacin cin abincin rana, ya rufe ƙofa, ya ba shi kunne har rawar ta daina, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba. Sista ta ce ta sha ganinsa ya koma gida da auduga a hanci ranar da aka koyar da tsayar da haɓo, in ta yi masa faɗa sai ya ce gara hancinsa da na ɗan wani. Ta ce ranar darasin maƙogwaro ba ya karyawa da safe, wai kada ya kunyata 'ya'yan mutane da warin baki.

Kai ne wanda hannun koyo ya fara sauka a kansa, Baba, don hannun da zai sauka a kan jaririn wata ya zo da laushi. Kai ne aka tsikara, aka karce, aka haske wa ido da fitila bisa kuskure, ka mai da abin wasa don kada mai kuskuren ya karaya. Mutane nawa ne a garuruwa aka ciro wa 'ya'yansu ƙwayar wake daga hanci ba tare da jini ba, ba su san sunanka ba, ba su san da kai a duniya ba?

Sai dai dokar nan da ta ɗaga shi, ita ce ta cuce shi.

Cikin duk abin da ake koyarwa a ɗakin, leƙa maƙogwaro da madubi ya fi wuya. Sai ka riƙe harshen mutum da bandeji ka jawo shi waje, ka kai madubin can ƙarshen baki, ka daidaita hasken goshinka a kansa, ka ce ya ce "iii". A ɗan wannan lokacin ake so ka hango zaren murya guda biyu, farare, suna haɗuwa suna rabuwa. Gaskiyar da kowane likita ya sani ita ce, yawancin masu koyo ba sa hango komai sai bayan harshe da yawu. Amma ga layi a bayanka, ga malami tsaye yana tambaya ko ka gani, ga shi kuma ka san amsar tun kafin ka sunkuya, tunda na Baba ne, irin na littafi. Sai ɗalibi ya ɗago ya ce ya gani, lafiya lau, ya ba na baya wuri. Malaman kansu sun daɗe da daina leƙawa. Me za su leƙa a maƙogwaron da suka haddace tun suna ɗalibai?

A haka muryar Baba ta fara dishewa. Da farko abin dariya ne, aka ce ɗalibai sun cinye ta da madubi, aka ce surutu ne ya fara karɓar hakkinsa. Sista ta riƙa haɗa masa ruwan zafi da zuma. Ƙananan likitoci in sun gamu da shi a baranda sai su dafa kafaɗarsa su ce ya rage magana, ya amsa da cewa gara su ce ya rage numfashi. A sashen da aka rubuta a allo cewa dishewar murya in ta daɗe ba a wasa da ita, babu wanda ya zaunar da shi a matsayin marar lafiya. Kowa ya ɗauka wani ya duba, don a duk faɗin asibitin babu maƙogwaron da ake buɗewa kamar nasa.

Shi ma bai taimaki kansa ba, wannan dole a faɗa. A daidai lokacin ne aka kawo wa sashen wani kan mutum na roba, mai kunne da hanci da baki a hangame, don koyar da ɗalibai. Baba ya sa masa suna Magaji, yana goge masa ƙura kowace safiya yana tsokanarsa cewa ba ya gaida manya. Amma a zuci tsoro yake ji. Yana ta raya wa kansa cewa ranar da aka ce maƙogwaronsa ya tashi daga na littafi, ranar za a ɗora Magaji a kujera, shi kuma ya koma tsintsiya da tukunya. Don haka da haɗiye abinci ya fara yi masa nauyi sai ya ja bakinsa. A gida in matarsa ta yi magana ya ce haba, mutumin da likitoci ke dubawa kullum ake wa wannan tsegumin.

Akwai wata ɗaliba da 'yan ajinta ke kira Autar Layi, don kullum ita ce ƙarshe, kuma in ta sunkuya ba ta ɗagowa da wuri. Ranar darasin madubi ta daɗe tana leƙe, sannan ta ɗago ta dubi likitan da ke koyarwa.

"Yallaɓai, kamar na ga wani abu a gefen hagu. Bai yi fari irin na ɗayan ba."

"Baba ne fa," in ji likitan, yana tattara takardunsa. "Ko madubinki ya yi hazo, ko majina kika gani. Ki ƙara karatu."

Aka ɗan yi dariya, ta ba da haƙuri ta koma gefe. Baba ya ji abin da ta ce sarai, gabansa kuma ya faɗi. Amma da aka watse sai ya same ta tana wanke hannu, ya lallashe ta, ya ce kada ta damu, kowa da haka ya fara. Ajinsu ya gama da sashen ya wuce wani, watanni suka shuɗe, wasu ajujuwa suka zo suka leƙa suka ce lafiya lau.

Matarsa ce ta kawo ƙarshen abin. Duk tsawon aikinsa ba ta taɓa taka sashen ba, sai wata safiya ta biyo shi a baya, yana juyowa yana roƙonta ta koma tana ƙi, har ƙofar ofishin Farfesa. Ta gaishe shi da ladabi, ta ƙi zama.

"Ranka ya daɗe, kullum Malam yana ce mini likitoci sun duba shi. Ni dai so nake a nuna mini wanda ya duba shi ɗin, ya gaya mini abin da ya sa ko ruwa ya sha sai ya ƙware."

Farfesa ya dubi Sista, Sista ta dubi ƙananan likitoci, babu wanda ya iya cewa shi ne. Nan take Farfesa ya sa aka ɗauko siririyar robar nan mai kyamara da ake duba marasa lafiya da ita, ya zura ta hancin Baba ya gangara. Sista ta ce ya daɗe yana kallon allon na'urar, sannan ya cire tabarau ya zauna. Ƙari ne, ya cinye zaren hagu ya fara tsallakawa. Gwaji ya dawo ya ce ciwon daji ne.

Farfesa bai yi masa kwana-kwana ba, wannan kam an shaide shi. Ya gaya masa cewa da an gan shi yana ƙarami, da gashi da hasken na'ura kawai za a yi masa muryarsa ta tsira. Yanzu in ana son ransa sai an cire akwatin muryar baki ɗaya, ya riƙa numfashi ta wata ƙofa da za a buɗe masa a gindin wuya. Ya nemi gafararsa a gaban matarsa, hawaye na zubo masa. Baba ya ce yana roƙon alfarma ɗaya kafin a shiga da shi tiyata: a tara masa ɗalibai, a nemo masa Autar Layi duk sashen da take.

Ranar ɗakin koyarwa bai ɗauki mutane ba, wasu ta taga suke leƙe. Baba ya dafa madubai da kansa, ya jera su, ya zauna a kujera. Muryarsa ta koma raɗa, sai da aka yi tsit sannan aka ji shi.

"Kun daɗe kuna ganin mai lafiya, yau ku zo ku ga marar lafiya. Ba wanda zai ce mini ya gani sai ya faɗi abin da ya gani. Wanda bai gani ba ya ce bai gani ba, ina nan, ba inda za ni."

Na farko ya sunkuya, ya ɗago, ya buɗe baki zai faɗi abin da aka saba, sai ya haɗiye, ya ce bai gani ba. Sista ta ce tunda take a sashen ba ta taɓa jin ɗalibi ya furta wannan a gaban jama'a ba. Baba ya yi masa alama ya sake. Ya sake, ya kuma sakewa, can sai aka ga ya ja baya fuskarsa ta canza, ya fara kwatanta wani tsiro mai kaushi, ja-ja, a gefen hagu. Haka suka riƙa bi. Maƙogwaron da a da ba ya jin taɓi yanzu ciwo yake, idanun Baba suna ta zubar ruwa, yana tari yana tofarwa a ƙyalle. Farfesa ya ce ya isa haka, Baba ya ɗaga masa hannu, layi ya ci gaba har na ƙarshe.

Ta ƙarshen, kamar kullum, Auta ce. Ta riƙe madubi amma ta kasa matsowa. Baba ya yafito ta.

"Idonki ya faɗi gaskiya, 'yata. Ni na ce miki kowa da haka ya fara, alhali na ji tsoron abin da kika gani. Ki yafe mini."

Ta matso. Ta sunkuya ta leƙa, ta ga abin da ta gani watannin baya, ya ninka girma.

An yi tiyata, Allah ya tashi kafaɗarsa. Likitoci sun ce wataƙila nan gaba ya koyi wata irin magana da taimakon na'ura, amma kowa ya san ba waccan muryar ba ce. A sashen an sauya doka: duk wanda ya ba da jikinsa don koyo, malami zai fara duba shi da kansa, kuma ɗalibin da ya ce bai gani ba ba a yi masa dariya. Doka ce mai kyau, sai dai an saye ta da tsada, kuma ba waɗanda suka yi sakaci ne suka biya ba.

A taron sallamarsa an yi jawabai, an ɗauki hotuna. Cikin ɗimbin likitocin da suka koyi aiki a jikinsa, waɗanda suka zo ba su cika benci biyu ba, sauran aiki ya yi musu yawa. Mai gabatarwa, da sabo ya ɗebe shi, ya miƙa masa lasifika ya ce ya ɗan ce wani abu. Baba ya karɓa ya juya ta a hannu, ya yi murmushi ya mayar masa, ya gyara ƙyallen da ke rufe wuyansa.

Mun gode, Baba. Kai ne ka ba da kunnenka da hancinka kyauta, da aka ci maƙogwaronka kuma ka ba da ciwon ma aka yi karatu da shi. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya, ya ba uwar ɗakinka ladan tsayuwar da ta yi a ƙofar ofis lokacin da masu farar riga suka kasa. Masu aiki a ƙananan wurare su yi koyi da kai wajen ba da abin da suke da shi, amma kada su yi koyi da kai wajen ɓoye ciwo don tsoron a ajiye su. Malamai su riƙa sunkuyawa suna leƙawa da idonsu, ko da sun haddace. Ɗalibai kuma su koyi faɗin "ban gani ba" tun suna ƙanana, don in sun girma ta fi nauyi a baki.

Ku kuma da kuka bi ta kansa kuka zama abin da kuka zama, gidansa ba nisa, da la'asar yana zaune a ƙofa. Kada ku aika saƙo, kada ku buga waya, waya ba ta da sauran amfani gare shi. Ku je da ƙafarku ku yi sallama, ku dubi fuskarsa. Za ku ga leɓɓansa sun motsa. Ya amsa muku, har ma ya ƙara da tsokana, ku ne dai ba za ku ji ba.